Jan Yawun Dagaci

"Kowa ya tuɓe riga!" in ji dagaci.

Mazan ƙauyen suka jeru a bakin gonar shinkafa, Baturen 'yan sanda na bisa doki, bindiga a cinya. Tun da manoman ƙasar Bama, can Asiya, suka ƙi biyan harajin Ingilishi, duk wanda aka samu da zanen tsuntsun 'yan tawaye da ake tsagawa da allura a ƙirji, rataya ce makomarsa.

Wata kuwa cikin matan da ke kallo ta san mijinta na da zanen. Da asuba ta shafe masa ƙirji da kwaɓin tanaka, wanda mata ke shafawa a kumatu. Amma rana ta take, gumi sai wanke shi yake yi, har bakin tsuntsun ya fara leƙowa.

Dagaci ya iso gaban mijin yana tauna ganyen kun, mai rina yawu ja kamar goro. Jiya-jiyan nan ta tsaya a ƙofar gidansa ta kira shi karen Bature.

Ya dubi ƙirjin, ya ɗago ya dube ta.

"Kai, ragon banza! Kwalliyar matarka ka sata? Saura ka soka fure a ka!"

Ya tara jan yawu cike da baki, ya feshe masa ƙirji, ya murje da tafin hannu. Bature ya bushe da dariya, ya ce a wuce gaba.

Da aka gama, dagaci ya rusuna wa Bature, wuyan rigarsa ya buɗe. Nan ta hango shuɗin fiffiken tsuntsun a ƙirjin dagaci, sabo fil, ko kumburin allura bai sauka ba.