Tagar da ke bayan ɗaki

Tun da ka ce kana so ka yi wa mutanenka aikin alheri, zauna ka ji wannan kafin ka kira ma'aikata.

An yi wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar ta a gidan da suka gina tun suna da ƙarfi. Shi kafinta ne, da hannunsa ya sassaƙa tagogin gidan da katakon maɗaci. Waɗanda ke kallon titi fentinsu ya koɗe, amma ko wuƙa ba ta kama su. Ta bayan ɗaki ce matsala, wadda ke fuskantar gabas daidai kan gadonta. Gara ta cinye ƙasanta, sakatar ta ɓalle, katakon ya bushe ya dare har yatsa na wucewa. Iska ta can take shigowa ta sauka a kafaɗarta, ga ta da sanyin ƙashi. In hadari ya taso kuwa, feshi har tsakiyar katifa. Ta cusa tsumma, ta rataya buhu, duk a banza. Ɗanta yana birni, Allah ya buɗa masa, kuma duk zuwan da ya yi sai ta ce, "Ɗan nan, tagar nan ta baya tana kashe ni." Shi kuma ya ce, "Inna, ki bar min wannan," idonsa na kan wayarsa.

Ana gab da faɗuwar damina ta tafi ƙauye sunan jikar ƙanwarta. Da ta dawo, daga bakin layi ta tsaya cak, don ba ta gane gidanta ba. An ɓalle tagogin gaba duka, an kafa na gilashi masu baƙin ƙarfe, sai walƙiya suke yi a rana. Maƙwabta suka taso da barka, kowa na cewa ta haifi ɗa. Ta shige ciki kai tsaye, ta tarar da tagar baya yadda ta bar ta, tsummanta na nan cushe, buhu na kaɗawa. Ta fito tana tambayar ina aka kai katakan da aka cire. Aka nuna mata mai shayin bakin titi. Ta isa ta ga ya faskara su, ragowar ɗaya na ci a murhu, har tana iya ganin zanen da maigidan ya yi a gefensa da kurfin sassaƙa, wuta na lashe shi.

Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ta taɓa yi ba. Ta dawo gida, ta jefar da ƙullin kayanta a tsakar gida, tuwon da maƙwabciya ta aiko ma ko buɗe shi ba ta yi ba. Abin da ke cin ta ba katakon kaɗai ba ne. Ta yi magana, ta maimaita, har ta gaji da jin muryar kanta, ashe duk lokacin nan ba ita ɗan nata yake saurare ba, idon masu wucewa yake kallo. Wanda ya fi ƙona mata rai shi ne ba ta da bakin kuka. In ta ce uffan, gari zai ce tsohuwa ta cika butulci, an yi mata gyara tana ƙorafi. Ga sabbin tagogin rabi kawai suke buɗewa, zaure ya zama tanda da rana, ɗakin kwana kuma iska na nan tana sukar ta kamar da. Ta yi ta haɗiye fushin yana ƙara tauri a ƙirjinta.

Ranar wata Juma'a sai ga ɗan nata da abokansa, cikin farar shadda, ya tsaya a waje yana nuna musu aikin, suna yaba masa. Hadari kuwa ya riga ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin. Tsohuwar ta leƙo ta ce ya shigo, shi kaɗai take son gani. Ya shiga yana murmushi, yana jiran addu'a. Ta nuna masa gadonta ta ce, "Zauna nan." Da ya zauna, ta miƙa hannu ta fizge buhun, ta zare tsumman, ta koma bakin ƙofa ta tsaya ta toshe hanya.

Iska ta fara zuwa, ta cika masa kunne da ƙasa. Sai ruwa ya kece. Feshi ya dinga dukan ƙeyarsa, yana gangarawa cikin wuyan riga, rubabben katako na zubo masa a ka. Ya yunƙura zai tashi, ta daka masa tsawar da rabonsa da jin irinta tun yana yaro: "Koma ka zauna! Ni a nan nake kwana." Ya koma. Ya zauna har shaddar ta manne masa a baya, katifa ta jiƙe a ƙarƙashinsa, haƙoransa suka fara haɗuwa. Bai iya ɗaga ido ya dube ta ba.

Washegari ya kawo kafinta da kansa, ya tsaya har aka kafa sabuwar taga a baya. Iska ta daina shiga. Amma aikin hannun ubansa ya riga ya zama toka, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa zama a zauren nan mai gilashi ba.

To, kafin ka gyara wa mutum gida, ka tambaye shi, kuma in ya faɗa ka ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.