Zanen da Kawu Ya Halatta

Kawu ya ɗora zanen a cinya, ashana a hannu. Ya rantse in ya ga mai rai a ciki zai ƙone shi, kuma 'yar ƙanwarsa ta bar makarantar zane ta Jidda ke nan.

Kaka na gefe tana kurɓar shayi, ta baza kunne.

"Ya khali, zanen zamani ne," yarinyar ta ce wa kawun nata. "Wasu mafarki suke zanawa, wasu su watsa fenti kawai. Mu kuwa farfasa abu muke kamar tangaran, mu sake jera shi."

Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. Kusurwoyi ne birjik.

"Masha Allah, ba mutum, ba dabba. Halal!" Nan take ya sa aka kafa shi a majalisinsa, inda dattawan unguwar Mansur ke shan gahawa.

Kaka ta matso ta ƙura ido, sai shayi ya sarƙe ta. Hancin nan da aka manna a gefen kunne, ko a cunkoson ɗawafi za ta gane shi. Ita ta haife shi.

"Yumma, lafiya?" Kawu ya tambayi mahaifiyarsa.

"Lafiya lau, ɗana. A ɗan ƙara ɗaga shi, baƙi su gan ka sosai."