Wurin da Ya Rage a Budapest

A tsakiyar gada ta yi niyyar faɗa wa mahaifinta gaskiya.

Ce masa ta yi ya zo Budapest, birnin da take zaune, ya ga gari kafin sanyi ya wuce, tunda rabonsa da fita daga ƙauye tun rasuwar mahaifiyarta. Ta kai shi gidan wankan ruwan zafi, ya zauna cikin tururi yana tsokanar tsofaffin da ke wasan dara a bakin ruwa. Ta saya masa romon nama a babbar kasuwa, ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Wannan ai ruwan wanke tukunya ne. Da uwarki na nan, da mai dafawar ya ji kunya."

Ta yi dariya, ta juya ta share ido. A wannan sanyin maƙwabta suka tsince shi cikin ƙanƙara, ya manta hanyar gidansa. Ta riga ta kama masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi, can ƙetaren kogi.

Yanzu ga su a tsakiyar gadar. Ƙanƙarar titi ta narke ta zama caɓi, kogin ya yi duhu kamar sama.

"Baba, akwai wuri ɗaya da ya rage mu je."

Ya kalli ƙetaren kogin. Sannan ya gyara mata wuyan rigar sanyinta, kamar lokacin da take ƙarama.

"Mu je, 'yata, kada mu bar mutane suna jira. Tun ranar da kika kira ni na kai wa maƙwabci karena. Biyo ni ya yi ta yi, sai da na ɗaure shi a can."