Jirgin da Gwaninta Ta Kashe

Da sunan Allah, wanda kamala tasa ce Shi kaɗai.

Jirgin ƙasan birnin Gilasgo na Birtaniya ya kishingiɗa a kwanar hanya da gudu, shayin wata tsohuwa da ke ciki ko motsi bai yi ba.

"Aikin Italiyawa ke nan, Kaka," in ji mai duba tikiti. "Jirginmu na da can, sai amai!"

Idanunta suka kaɗa.

"Marigayi mijina ya ƙera namun, marar kunya! Ya daidaita karkatarsa har jiki ya daina jin kwanar da ido ke gani, sai tashin zuciya ya kama fasinjoji. Kuka raka jirgin kabari da dariya. Italiyawanka ba su ƙara komai ba, rage karkatar suka yi!"

Allah ya jiƙan mamacin, ya tsare mai karatu daga butulci.