Abin da Likita Ya Ce

Da ƙarfe goma na safe aka turo wani allon bidiyo zuwa ɗaki na shida, a kan sanda mai taya huɗu. Baltazar Cedillo yana kallonsa ta gilashin ofishin da aka zaunar da shi, da abin saurare a kunnuwansa da takardar ba da maki a gabansa.

Aikinsa a asibitin nan na birnin Xela ajiye fayil ne. Amma shi kaɗai ne ma'aikacin da ke jin yaren Ixil, saboda haka shekara goma sha ɗaya ke nan duk wanda ya gangaro daga duwatsun Nebaj ba ya jin Sifaniyanci, Baltazar ake kira ya tsaya tsakaninsa da likita. Yanzu asibiti zai ɗauki kamfanin da ke haɗa majinyaci da tafinta ta bidiyo. Kamfani uku suka nema. Biyu sun faɗi tun jiya, ɗaya hotonsa yana daskarewa, ɗayan kuma ya turo mai jin yaren K'iche' yana cewa ai duk yaren dutse ɗaya ne.

Saura na uku, kuma shugabar asibitin, Señora Arriaga, ta ce a gwada shi da majinyaci na gaske. Mai jin Ixil ɗaya ce a kwance a makon nan: Doña Jacinta, mahaifiyar Baltazar.

"Ranki ya daɗe, a bari sai wani ya zo," ya ce mata da safe.

"Wa zai zo, Balta? Ko in aika motar asibiti ta ɗauko mini mara lafiya daga kasuwa? Kai da ya kamata ka yi rawa, yau za ka huta." Ta ja kujera ta zauna kusa da shi, tsakaninsa da ƙofa. Ƙa'idar gwajin ita ce mai ba da maki ya saurara daga wani ɗaki, majinyaci bai san yana ji ba.

Abin da Señora Arriaga ba ta sani ba, wata huɗu ke nan Baltazar yana yi wa mahaifiyarsa ƙarya. Ranar da Dakta Monzón ya ce ciwon daji ya kama hanta, ba sauran magani sai na rage zafi, Baltazar ya juya ya ce mata, "Inna, ya ce gyambon ciki ne, zai warke." A garinsu ba a gaya wa mutum ranarsa ta kusa. Ana cewa zuciya ce ke fara mutuwa idan ta ji. Tun daga ranar, duk zuwan da suka yi likita ya faɗi nasa, Baltazar ya faɗi nasa. Ita kuwa idonta na kan bakin likita har ya gama, sannan ta gyaɗa wa ɗanta kai. Ba ta taɓa tambayar komai ba. Da ta kwance masaƙarta ta ba jikarta, sai ya ɗauka bayanta ne ya gaji da zama.

Allon ya yi haske. Wata matashiya ta bayyana, ta gaida likita da Sifaniyanci, ta gaida tsohuwar da Ixil mai tsabta, irin na cikin garin Nebaj.

"'Yar gidan wa ce ke?" Doña Jacinta ta tambaya.

"Sunana Engracia, Baba. Ba a yarda mu faɗi fiye da haka ba."

"To, ga shi an sa ki a akwati, ina za ki samu bakin faɗi."

Engracia ta yi dariya, ta fassara wa likita wannan ma, kalma da kalma. Señora Arriaga ta zunguri Baltazar. "Yaya? Daidai take faɗa?"

"Daidai."

"To rubuta mana."

Ya rubuta. Murya tana fita sarai, hoto bai motsa ba, yarinyar ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Ya nemi kuskure ɗaya da zai sa a dakatar da gwajin, bai samu ba. Idan ya tashi, sai ya ce wa shugaba ta matsa, kuma za ta tambayi dalili. Idan ya zauna, mahaifiyarsa za ta ji ajalinta daga bakin baƙuwa, ta kuma san ɗanta ya rufe ta.

Dakta Monzón ya buɗe fayil. Ya yi magana a hankali, da muryar wanda yake maimaita abin da kowa ya riga ya sani. Ya ce kamar yadda aka gaya mata tun watan Afrilu, ciwon ba ya warkewa. Ya ce hoton jiya ya nuna ya kai huhu. Ya ce a ganinsa gara ta koma gida cikin danginta, domin abin da ya rage makonni ne.

Baltazar ya rufe ido. Ya ji Engracia ta ja numfashi za ta fara.

"Bar shi, 'yata, kada ki wahalar da bakinki," in ji Doña Jacinta. "Na ji shi. Tun ina budurwa nake jin yarensu, zamanin sojoji ne muka koyi yin kamar ba ma ji. Ke dai ki roƙar mini shi kada ya gaya wa ɗana na sani, don wata huɗu ke nan yana fama, kuma ƙaryar nan ce kaɗai take riƙe da shi."