Jirgin Malam Yakubu

Ana idar da la'asar Bushira take rufe keken ɗinkinta, ko da kayan amarya ne a kai. Sai ta jawo kujera 'yar tsugunno kusa da tabarmar mahaifinta, ta ɗauko kumburarren littafin nan mai hoton jirgin sararin samaniya a bango, ta buɗe shi a tsakiya. Wata goma sha huɗu ke nan ba ta yi fashi ba.

Malam Yakubu tsohon malamin kimiyya ne, kuma duk unguwarsu a Haɗeja an san shi da jarabar littattafan Turawa masu labarin tafiya wasu duniyoyi. Tun yana saurayi yake tara su, har suka cika akwatin ƙarfe. Ciwon suga ya fara tafiya da ganinsa. Sannan kogi ya ɓalle wata damina, ruwa ya kwana uku a ɗakinsa. Shi an fitar da shi a kwalekwale, akwatin kuwa sai da ruwa ya janye Bushira ta jawo shi, ta shanya abin da ke ciki a kan rufin kwano.

Daga nan tsohon ya juya wa duniya baya. Ba hira, ba rediyo, abinci sai an yi da gaske yake kurɓar koko. Har ya fara raba rigunansa.

Ran nan Bushira ta gaji da kallonsa yana ƙarewa, ta tambaye shi wane littafi za ta karanta masa. Ya ce mai koren bangon. Turancinta na 'yar aji uku ne, amma ba ta tsaya wani dogon tunani ba. Ta ce za ta riƙa bi da ido tana juya masa da Hausa.

Haka Kyaftin Selka ta shigo gidan. Mace ce mai taurin kai, jirginta ya faɗa wata duniya mai rana biyu, ko'ina fadama. A can akwai ciyawar da ta fi mutum tsawo, tana toshe hanyoyin ruwa cikin mako guda. Akwai tsuntsayen ƙarfe masu jan baki da ke sauka kan gona su bar ta kara zalla. Mutanen duniyar kuwa kifa ciki suke yi a kan gorar gilashi su shiga ruwa kamun kifi.

"Ashe har a can ana fama da ciyawar kachala!" in ji Malam, ya yi dariyar da aka shekara ba a ji ba. Ranar ya cinye tuwon shinkafa da miyar kifi, ya nemi ƙari.

Sau shida kyaftin ɗin tana kaiwa bakin halaka, sau shida tana kuɓuta. Matan maƙwabta suka fara leƙowa da tsintar shinkafarsu, wai sun zo gaida Malam, gaisuwar da ba ta ƙarewa sai an kira magariba.

Labari ya kai Dutse, kunnen Muttaka, babban wan Bushira, mutumin da ko murmushi sai ya ga dalili. Ya iso ranar Asabar, ya tarar ana tsakiyar yaƙi da tsuntsayen ƙarfe. Matan suka tattara farantansu suka sulale.

Ya gaida mahaifinsa a ladabce, sannan ya juyo kan ƙanwarsa. Ya ce an mai da gidansu gidan kallo. Ya ce dattijo mai shekara saba'in da biyar ba tatsuniyar Turawa ta kamace shi ba, kuma funfunar tsofaffin takardun nan ce ke sa shi tari. Yau za a fitar da akwatin a cinna masa wuta.

"Akwatin ga shi can, Yaya, ɗauka," in ji Bushira. "Wannan kam sai dai ka haɗa da hannuna."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Kai fa. Lokacin da yake raba rigunansa kana ina?"

Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba sai yau, kuma ko a jikinta. Ta ƙanƙame littafin a ƙirji. Muttaka ya sa ƙarfi ya fizge, ya ce bari ya karanta layi ɗaya kowa ya ji shirmen da ake ɓata lokaci a kai.

Ya lashi yatsa zai juya shafi, shafi ya ƙi juyuwa. Ya gwada ta gaba, ya gwada ta baya. Littafin ya haɗe gam kamar bulo, tsakiyar nan kaɗai ke buɗuwa, ita ma baƙar funfuna ta cinye ta, ko harafi ɗaya ba ya karantuwa.

Ya ɗago ya dubi Bushira. Yanzu ne tsoro ya kama ta, ba tsoronsa ba, tsoron kada tsohon ya ji ya sake juya fuska bango. Ta ɗora yatsa a leɓe tana girgiza masa kai, idonta ya ciko.

"Baba," in ji Muttaka, muryarsa ta sauka, "wannan littafin ai..."

"Miƙa mata abinta, ka samu wuri ka zauna," in ji Malam Yakubu, yana gyara matashinsa. "Sau tara na karance shi da idona. A shafi na talatin Baturen ya kashe kyaftin ɗin, ita kuwa 'yata wata goma sha huɗu ke nan ta hana ta mutuwa."