Bindigar Rahamatu

"Ba ni mai araha, wadda ba ta fizgar hannu in an harba," Salihu ya ce wa mai shagon bindigogi. "Matata ce za ta riƙe."

Rahamatu ta ture ƙaramar bindigar gefe. "Ya isa haka, ba na so!"

"Ba kya so? Kullum ina wurin aiki, maƙwabta suna ganin ƙato yana haura mana katanga! Wallahi in ya sake, ki harbe shi!"

Ta dube shi cikin fushi.

"Ƙaton nan Yazan ne, ɗanka da ka kora ka canza makulli. Abinci yake zuwa ci, ni nake jingina masa tsani. Maza, biya, sai ka nuna min inda zan auna shi."